Ajuji da Duwatsun Maniƙa

A zamanin da dajin nan bai san gatari ba, tun ba a ja ganuwa ko ɗaya tsakanin nan da gulbi ba, an yi wani maharbi ana ce masa Korau. Haka kakata ta gaya mini, ita ma haka tata kakar ta gaya mata, kuma a gidanmu ba a ƙara wa magana gishiri. Korau ba dogo ba ne, ba shi da yawan magana. Da baka da kwari yake farauta, dafinsa kuwa shi yake haɗa abinsa. Maharba 'yan'uwansa suna yi masa kirari: Korau na Ajuji, inuwa mai bin sawu, kibiya ɗaya nama ɗaya.

Ajujin nan yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Yar wabi ce, duk waɗanda aka haifa kafin ita sun koma, shi ya sa ran suna aka ajiye ta a kan juji don mutuwa ta raina ta ta wuce. Mutuwa ta wuce ta ɗin, amma ta zagayo kan 'ya'yanta. Tana haihuwa tana binnewa, har saura ɗaya tal, yarinya, aka sa mata Ayashe. Da mijin Ajuji ya mutu, danginsa suka fara raɗe-raɗin wai ita ke cinye nata. Ba ta tsaya rantsuwa ba. Ta goya 'yarta, ta ɗauki ƙwaryarta da ɗan geron da ya rage, ta ce wa ƙanenta ya shige gaba.

Sun daɗe a daji kafin su zo nan. Wata rana Korau ya harbi gwanki, kibiya ta kama shi amma bai faɗi ba. Ya bi jini har rana ta take tsaka, sawu ya hau wani falalen dutse mai faɗin gona, a nan jinin ya yanke. Babu gwanki, babu alamarsa. Yana tsaye yana dube-dube sai ya ji niƙa. Gurr, gurr, dutse a kan dutse, irin niƙan mace wadda ta san aikinta. Ya ɗauka mutane ne, ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya zagaya bayan wata tsamiya sai ƙarar ta ɗauke. Abin da ya tarar, wani gurbi ne a jikin falalen, ya yi santsi kamar cikin ƙwarya, da ɗan dutse a kwance a cikinsa, da gari cikin tafi guda a bakinsa. Ya taɓa ɗan dutsen ya ji ɗumi, ba ɗumin rana ba, ɗumin hannu.

Ya koma ya ce da yayarsa su bar wannan daji tun da haske. Ajuji ta gama jinsa, tambaya ɗaya ta yi masa, ko garin yana da tsakuwa. Ya ce shi bai ɗanɗana ba. Ta ce to bai ga komai ba. Ta sa ya kai ta, ta lakato garin ta sa a harshe, ta tauna, ta sake taunawa.

"Wannan dutse ba ya sakin tsakuwa," in ji ta. "Nan za mu zauna."

Duk macen da ta taɓa niƙa ta san abin da take nufi. Dutse iri-iri ne. Wani yana cin hatsi, wani hatsi ke cin sa, ka ci tuwo haƙori yana ƙara. Dutsen da zai ba ka gari mai laushi bai zubo maka da yashinsa ba, ya fi saniya.

Washegari ta durƙusa a gurbin nan ta niƙa geronsu. Da yake mace ce wadda ba ta san ɓarna ba, ta share dutsen tas, ko ƙura ba ta bari ba. Kuma da rana ta yi tsaka ba ta tashi ba, ta ci gaba da aikinta. Nan take ɗan dutsen ya ƙwace daga hannunta ya dawo ya bugi wuyan hannunta na hagu, ƙashi ya karye. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta riƙe hannun tana duban gurbin, can ta ce:

"Baiwar Allah, ko wace ce ke, na ji. Ni na shigar miki aiki. Safe da yamma nawa, tsakar rana taki. Kuma ba zan ƙara share miki dutse ba."

Daga nan al'adu biyu suka samo asali. A garin nan ba a niƙa da tsakar rana, kuma wadda ta gama niƙa tana barin tafin gari na ƙarshe a bakin dutse. Korau ya ɗora mata hannun, ya warke amma a karkace. Tun daga lokacin niƙanta ya fita daban da na kowa, ta ja dogo ta ja dogo, sannan gajere, saboda hagun ba ya kai ƙarshe. Ko makaho ya ji ya san Ajuji ce a kan dutse.

Fatake ne suka fara gano su. Ayari ya yada zango a bakin rafi, madugu ya ɗanɗana garin, ya ba da gishiri da kanwa aka niƙa masa guzuri. Shekara ta zagayo sai ga ayari uku. Mata da suka rasa wurin zama, zawarawa da waɗanda yunwa ta koro, suka riƙa zuwa, Ajuji tana karɓarsu, tana duba tafin hannunsu kafin ta dubi fuskarsu. Maza suka biyo baya, Korau ya ajiye baka ya koya musu fasa falalen daga gefen yamma, suna sassaƙa duwatsun niƙa suna ɗora wa jakai zuwa kasuwanni. Aka ce wa wurin Maniƙa. Ita kuwa aka yi mata kirari: Ajuji ta Korau, juji mai ba da kabewa, karyayyen hannu mai ciyar da ayari.

Ita ta ce a gina soro a kan gurbin nan, ita ta tsaya a kan ginin. Tubalin da ƙasar suri aka kwaɓa shi, azarar daga giginyun bakin rafi aka yanko. Ta sa aka yi bango mai kauri don hatsi kada ya yi gumi, aka yi 'yan tagogi a sama ta gabas don iska ta ɗebe ƙura, aka yi ƙofa gajeriya yadda ba mai shiga sai ya sunkuya. Aka kafa duwatsu tara a jere, gurbin asali yana can ƙurya, ba mai taɓa shi. Da rana ta yi tsaka mata sukan fito su zauna gindin tsamiya, sai a ji dutse ɗaya yana tafiya a ciki shi kaɗai. Ba mai leƙawa. In sun koma, garin da suka bari babu shi.

Ayashe ta girma, ta yi aure, ta samu ciki. Ajuji ba ta nuna murna ba, kuma ba wanda ya ga laifinta. Wadda ta haƙa ƙananan ramuka da yawa ba ta yin guɗa da wuri. Amma kowa ya lura ta daina barin 'yar ta ɗauki ko tulu.

A watan haihuwar ne, da rani, yawancin maza sun tafi da jakai har da mijin Ayashe, ganuwa kuma ba a gama ja ba. Da sassafe Korau ya fita duba tarko sai ya ga kashin doki ɗanye a bakin kurmin da ke hayin rafi. Ya bi da rarrafe. Mahara ne, 'yan kaɗan, sun ɗaure dawakai sun kwanta a inuwa. Ya ji suna cewa sai rundunarsu ta iso da yamma su faɗa wa garin gaba ɗaya. Ɗaya ya ce kada fa mutanen su ankara su gudu. Babbansu ya yi dariya ya ce ku saurara, garin da ake niƙa bai san komai ba. In dai duwatsun nan sun yi shiru, to an gudu, a hau a bi su.

Korau ya dawo ya tarar naƙuda ta kama Ayashe.

Mafaka ɗaya ce, wani kogo a jikin tsaunin arewa, mai ƙaramin baki wanda maharbi ɗaya zai iya tsarewa. Amma tsakanin gari da tsaunin fako ne fetal, ba itace ba kwazazzabo, mai lafiya ma sai ya yi rabin wuni. In doki ya fito musu a nan, ba wanda zai kai.

Ajuji ce ta yanke yadda za a yi. Ta ce yara da tsofaffi su fita ta bayan gari yanzu, a ɗaura zane a sanduna a ɗauki Ayashe. Mata kuwa su shiga soro su yi niƙa kamar kullum, har da waƙa, sai su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗauki garinta a ka. Wata tsohuwa ta ce to tsakar rana fa? Waɗancan baƙi ne, ba su san al'adarmu ba, in suka ji shiru za su ce an gudu. Ajuji ta ce wannan nata ne. Ta je ta dafa goshin 'yarta, ta gyara mata ɗankwali, ta ce wa masu ɗaukarta in suka girgiza ta za su gamu da ita. Iyakar sallamarsu ke nan.

Haka aka yi. Duwatsu suna raguwa, Ajuji tana ƙara ƙarfin nata don ta rufe giɓin. Kafin inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, ita kaɗai ta rage.

A can fako tafiya ta ƙi sauri, don duk sanda ciwo ya taso sai an sauke Ayashe. Korau ya duba rana, ya duba tsauni, ya ga ko rabi ba su yi ba. Ya ce wa mutane su ci gaba, ya juyo da gudu. Tun daga nesa ya ji abin da ya tsayar da shi. Soron yana ruri. Ba dutse ɗaya ba, duka. Ya ɗauka matan ne suka koma, ransa ya ɓaci. Ya sunkuya ya shiga.

Sanyi ya fara ji, irin na cikin rijiya, alhali a waje ƙasa tana ƙona ƙafa. Da idonsa ya saba da duhu ya ga bayan yayarsa, a durƙushe, gumi ya jiƙa zanenta. Sauran duwatsun babu kowa a bayansu, amma kowane ɗan dutse yana tafiya yana dawowa, gari yana zuba. Can ƙurya ma ana niƙa, sai dai nan bai yarda ya kai idonsa ba.

"Yaya, rana ta yi tsaka."

"Na gani." Ba ta waiwayo ba. "Ayashe ta sauka?"

"Ba ta sauka ba. Ba su ma kai kogo ba."

"To me ka zo yi?"

Ya ce ya zo ya tafi da ita. Tunda ga shi ana niƙan, ta taso, ba wanda zai san ta tashi.

"Kai ka taɓa ganin an yi gayya, mai gayya ta tashi ta bar mutane a kan aikinta? Ni na roƙi baiwar Allahn nan mai niƙan tsakar rana. Ta yarda ta kama mini, ni ma na yarda da abin da ta ce."

"Me ta ce?"

"Ba naka ba ne. Koma, Korau, ka tsare bakin kogo. In ta sauka ka zo ka gaya mini. Ba zan ɗaga hannu ba sai na ji."

Mutumin da ya tsaya gaban ɓauna bai iya yi wa yayarsa musu ba. Ya fita da baya. Har ya mutu yana cewa da ya sani da ya zagaya ya dubi fuskarta.

Abin da ya faru da yamma, daga bakin wata baiwa aka ji shi, wadda maharan suka zo da ita tana yi musu girki, daga baya ta tsere ta zauna a nan. Ta ce wuni guda suna kwance suna jin niƙa suna lasar baki, suna lissafin matan da za su kama. Da rundunar ta iso suka ƙetare rafi, suka tarar da gari babu ko kaza, amma soro yana ruri. Babbansu ya sauka ya sunkuya ya shiga da takobi a zare. Bai daɗe ba ya fito, gemunsa fari fat da gari, takobin ba ya hannunsa. Aka yi ta tambayarsa, bakinsa yana motsi magana ba ta fita. Dawakai suka ƙi matsawa kusa da falalen. Sai suka cinna wa ɗakunan ciyawa da rumbuna wuta, suka juya. Lokacin mutanenmu sun riga sun shige kogo.

Naƙudar Ayashe ta yi tsawo, ta kwana ta wuni. Mutane suna zaune a bakin kogo suna kallon hayaƙin gidajensu, in iska ta juyo sai ta kawo musu ƙarar dutse. Yanzu ɗaya ne kawai. Dogo, dogo, gajere. Matan da suka san nauyin ɗan dutse suka daina duban juna, don sun san ba hannun ɗan Adam da zai yi wannan.

Da hantsi jaririya ta faɗo ta yi kuka, uwa kuma ta nemi ruwa. Korau bai jira an yanke cibi ba. Ya ratsa fako, ya ratsa toka, ya tarar soro yana nan tsaye, wuta ta lashi bangonsa ta bar shi. Niƙa yana tafiya. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya sunkuya ya ce:

"Yaya, ta sauka. Mace ce. Duk suna lafiya."

Dutsen ya ja dogo, ya tsaya.

Da ya shiga, gari ya kai masa gwiwa daga bango zuwa bango. Babu Ajuji. Babu zanenta, babu ƙashinta, babu sawun fita a kan garin. Ɗan dutsenta yana kwance da ɗumi, da gurbin yatsu a jikinsa, na dama sun nutse sosai, na hagu sun karkace. Hatsin da aka bar mata bai fi abin da jaki ɗaya zai ɗauka ba, amma garin nan shi ya riƙe mutanen Maniƙa har kaka. Jaririyar aka sa mata Tadutse. Ta rayu, ta haifi tara ta yaye tara, kuma daga tsatsonta na fito.

Ajuji ba ta da kabari. Wanda ya nuna maka wani tudu ya ce nan ne, kuɗin goro yake nema.

Abin da ya rage daga ginin wancan zamani guda uku ne da rabi. Akwai zauren Korau da ƙahon ɓauna a kan ƙofarsa, yanzu akuyoyi ke kwana a ciki, abin kunya ne ga jikokinsa kuma na gaya musu. Akwai rufewar Ajuji, rumbun ƙasa da wuta ba ta ci ba, har yau in ka zuba dawa ƙwaro ba ya taɓa ta. Rabin shi ne guntun ganuwa da ke bayan makarantar boko. Sai soron. An sake masa azara sau biyu a sanina, amma bangon nata ne. Kowace shekara in an gama girbi mata ne ke yi masa yaɓe da makuba, ba maza ba. Shekarun baya wasu suka zo a mota da na'urar ɗaukar hoto, suka ce gini ne na tarihi, za su shafe shi da siminti su rufa masa kwano. Na ce musu siminti a kan ƙasa riga ce a kan ƙurji, ruwa zai shiga ya rasa mafita, bango ya ruɓe ta ciki. In suna son taimako su gyara mana indararo. Ba su dawo ba. Mu muka gyara.

Niƙan dutse kam ya mutu, ba zan yi ƙarya ba. Tun da aka kawo inji, yarinya ta gwammace ta bi layi da kwano a ka, ta dawo da gari mai warin mai, da ta durƙusa. Fasa dutse ma saura tsofaffi biyu. Mai injin farko, wani Ɗan'azumi, baƙo ne, aka gaya masa a kashe da tsakar rana, ya ce injinsa bai san tatsuniya ba. Bel ɗin injin ya yi ta tsinkewa har ya gaji da saye. Ɗansa ke riƙe da wurin yanzu, rana tana tsaka yake kashewa, ya ce wai don inji ya huce. To, ya huce.

Malamai sun yi wa'azi a kan tafin garin da muke bari, sun ce sauran jahiliyya ne. Ni salla nake yi, ban taɓa roƙon dutse komai ba. Amma wadda ta kama maka aiki ranar da ba ka da kowa, ba ka share mata kwano. Tun bayan Ajuji tafi biyu ake bari, don tun daga lokacin ba dutse ɗaya ake ji da tsakar rana ba. Biyu ne. Ɗaya yana tafiya sumul, ba ya gajiya. Ɗayan kuwa dogo, dogo, gajere. Ba kowa ke ji ba, ba kuma kullum ba. Ni na ji, da rani, ina yarinya, na kuma ji da furfurata.

Kuma har yau in mace ta haihu a Maniƙa, ko a ɗaki ko a asibiti, kafin a aika wa dangin miji, kafin a yi guɗa, babbar mace a zuriyar Tadutse takan je ƙofar soron ta sunkuya ta faɗa. Yanzu ni ce. Gwiwata ba ta son tudun nan, amma ba na aikawa. Watan jiya na hau saboda jikata, rana tana tsaka, ba kowa a falalen sai ƙadangaru. Na dafa bango na sunkuya na ce, Iya, ta sauka, mace ce, duk suna lafiya.

A ciki, dutse ɗaya bai fasa niƙa ba. Ɗayan ya tsaya, kamar yadda mace kan ɗaga kai daga aiki ta saurara. Sannan ya ci gaba.